Kada Tambarin "Core i7" Ya Ruɗe Ku Kamar Yadda Ya Ruɗe Ni

Ƙannena masu shirin koyon rubuta manhaja, kuɗin laftof ɗina ta farko na adashen mahaifiyata ne. Ta kwashi zubinta, ta ƙulle a leda ta miƙo mini, ta ce Allah Ya sa albarka. Har yau idan na tuna yadda na kashe kuɗin nan raina yana sosuwa, shi ya sa nake so ku saurare ni.

Ni kaɗai na shiga wani shago, ban nemi rakiyar kowa ba. Abu ɗaya na riƙe a kaina: an ce a cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i7 ta fi i5. Mai shago ya ɗauko wata mai sheƙi, ga tambarin i7 a jiki, ya ce ma'ajiyarta na cin fim ɗari-ɗari. Muka yi ciniki, ya sallama. Ban tambayi zubi na nawa ba ce, wato sabuwar ƙira ce firosesar ko tsohuwa, don ban san ana tambaya ba.

Zubi na uku ce, ƙirar 2012. Lambar da ke bayan sunan ita ke faɗar gaskiya: tawa i7-3520M ce, wannan 3 ɗin na farko shi ne zubin, kuma ƙwayoyin aikinta, wato sassan da ke raba aiki a tsakaninsu, biyu ne kacal. Ita kuwa i5-8250U, ta zubi na takwas, ƙwayoyinta huɗu, ta yi wa tawa nisa ƙwarai duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. Yanzu ma maganar ta ƙara nauyi, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na takwas take karɓar firosesan Intel, in ban da 'yan tsiraru. Wanda duk zai sayi ta hannu, daga nan ya fara lissafi.

Amma abin da ya fi wahalar da ni shi ne RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi. 4GB gare ta. Muna rubuta manhaja da yaren Python lafiya lau, sai ranar da muka shiga darasin manhajar waya na buɗe Android Studio. Kwamfuta ta sandare. Abokan karatuna sun gama gwaji suna tattara jaka, ni ina zaune ina kallon allo. Haka na ƙare zangon nan ina aron ta wani abokina da daddare, bayan ya yi barci. Kada ku sauka ƙasa da 8GB, kuma ku tabbata akwai ramin ƙari, don wasu siraran kwamfutoci an like musu RAM da dalma, yadda ka saya haka za ka mutu da ita. Ma'ajiya kuma ku nemi mai saurin nan da ake kira SSD, ko 256GB ce. Ta fi tsohon faifai mai juyawa na 1TB amfani ga mai koyo. Rubutun manhaja ba ya cin wuri, jira ne ke cin rai.

Sai batir. A shago tana jone da wuta, ban ce a zare ba. Da na isa hostal aka ɗauke wuta, ko minti ashirin ba ta yi ba ta mutu, tare da aikin da ban adana ba. Wanda ya rayu da wutarmu ya san batir ba ado ba ne. Akwai hanya mai sauƙi: ku buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, ku rubuta powercfg /batteryreport. Zai fito da rahoto mai nuna ƙarfin batirin lokacin da aka ƙera shi da abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan ya zube zuwa rabi, a rage kuɗi ko a sauya batir kafin ku biya.

Ta biyu da na saya da gumina ThinkPad T480 ce ta hannu, baƙa, ba ta da wani kyan gani. Ramukan RAM biyu gare ta, batir biyu, na ciki da na waje da ake cirewa. Irin waɗannan na ma'aikatu, su da Dell Latitude 7490 da HP EliteBook 840 G5, kayan gyaransu ba sa wuya a Farm Centre ko titin Beirut a Kano. A ganina sun fi sabuwa dal mai ƙaramar firosesa Celeron da RAM 4GB, wadda kwalinta kawai za ka mora. Ta wasan gem kuma ku bar ta tukuna: ga nauyi, ga zafi, ga shan batir. MacBook ba ta zama dole ba sai ga mai son gina manhajar iPhone, don Xcode, manhajar da ake gina ta da shi, a kan kwamfutocin Apple kaɗai yake aiki.

Ranar saye ku tafi da wanda ya san kan abin, ku zauna ko awa guda ce, kada kunya ta hana ku. Ku danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ku gwada ramukan USB da kyamara da Wi-Fi, ku buɗe murfin ku rufe ku ji ko ya saki. Ku shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ku ga ba a kulle shi da kalmar sirri ba, don cire ta a irin waɗannan kwamfutoci babban aiki ne. Allo ya kasance 1920 sau 1080, saboda idanunku za su daɗe a kansa. A rubuta muku rasit da lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti.

Kada kuma ku juye duk kuɗin a kan kanta. Ku rage na caja mai kyau, da na wanke fanka bayan ƙurar hunturu, kafin zafin Maris da Afrilu ya same ta a toshe.