Daga saman rufi zuwa bayan talabijin

Ranar da maigidana ya fara hawa da ni saman rufi, bai ba ni sifana ba. Ƙaramar talabijin ya ɗora min a cinya, ya ce, "Yaro, zuba ido kan layin nan, idan ya motsa ka yi magana." Shi kuwa yana juya dish a hankali kamar mai lallaɓa jariri. Abin da muke nema yana can sama da kilomita 35,000 a samaniya, tauraron ɗan'adam da ke tafiya daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum yake wuri ɗaya. Ka kauce da faɗin yatsa, hoto ya tafi. Sai da na yi wata uku ina riƙon talabijin ɗin nan kafin ya yarda na taɓa noti. Allah ya jiƙansa, ba ya sauka sai ƙarfin siginal da ingancinsa duk sun cika, yana cewa dish ɗin gaggawa ruwan farko ke tona masa asiri.

Da wannan tarbiyyar na buɗe ɗan kamfanina na haɗa dish da talabijin. To amma yanzu yawancin masu kiranmu sun daina tambayar tasha nawa za su samu. Tambayarsu ita ce, me ya sa hoto yake tsayawa, ɗan zoben nan yana ta juyawa a tsakiyar allo?

A gabanmu abin ya sauya. YouTube ya fito a 2005. Netflix, da ya fara da aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya a Amurka, ya soma haska finafinai ta intanet a 2007, a watan Janairun 2016 kuma ya buɗe a ƙarin ƙasashe 130 a rana guda. A cikin waɗannan shekaru talabijin ta fara zuwa da manhajojinta a ciki. A da mutum ke jiran shiri, ya san ranarsa da lokacinsa, gida duka a hallara a falo. Yanzu shiri ke jiran mutum. Ina shiga gidaje in tarar maigida na kallon labarai a falo, uwargida na bin fim mai dogon zango a ɗaki, kashi biyar a zama ɗaya, yara kowa ya duƙufa kan waya. Allo huɗu, duk suna sha daga rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Wani lokaci nakan yi kewar taron falon nan, sai dai kuma na ga dattijon da ya sake samun karatun da ya wuce shi shekaru, yana mayar da shi baya duk inda bai ji ba, murna kamar ya yi me.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya kira ni ransa a ɓace, wai an sayar masa da talabijin ta banza. Sabuwa ce fil, mai 4K, wato mai hoto tangaram. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina rautar?" Sai ga ta cikin kabad, bayan bango biyu, an ɗora mata littattafai. Hoton 4K ɗigo 3,840 ne a kwance, 2,160 a tsaye, kuma Netflix da kansa ya ce irin hoton nan yana son intanet mai gudun megabit 15 a daƙiƙa. Rauta tana watsawa ta zango biyu, ana kiransu 2.4 da 5: na 2.4 yana ratsa bango amma cunkoso ya yi masa yawa, na 5 yana da gudu amma bango na karya shi. Na auna ɗaki-ɗaki da na'ura kamar yadda aka koya min a saman rufi, muka fito da rautar fili, muka ja kebul kai tsaye zuwa bayan talabijin, muka ɓoye shi tsaf a jikin bango. Da hoton ya fito, sai da ya matsa kusa yana duban gashin girar mai karanta labarai.

Kebul ɗin nan shi ne abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Wani dilan da na daɗe ina hulɗa da shi ya taɓa aiko min da kwali guda, rubutu a jiki ya ce jan ƙarfe zalla. Na kankare da wuƙa, sai ga farin alminiyam a ciki, an yi masa fenti kawai. Irinsa yana karyewa a wurin lanƙwasa, aiki ya lalace bayan 'yan watanni, sunanka ne kuma zai ɓaci. Tun ranar, kowane kwali sai na yanka bakinsa kafin ya shiga mota. Idan mai gida ya ce wani ya yi masa tayin aikin da rabin kuɗinmu, nakan ciro guntaye biyu daga aljihu, in miƙa masa wuƙa ya kankare da kansa.

Haka masu yawo da 'yan akwatunan nan da ake jonawa da talabijin, suna cewa duk tashoshin duniya har abada. Shirye-shiryen sata ne. Ranar da aka rufe inda suke ɗebowa, akwatin ya zama dutse, lambar mai sayarwa kuma a kashe. Mu ba ma haɗa su, komai nacin mutum.

Dish bai mutu ba, kuma masu ƙwallo ne shaida. Wasan da ake haskawa kai tsaye ta intanet yakan makara da daƙiƙoƙi masu yawa, saboda sai an yayyanka hoton an tara shi kafin ya fito. Maƙwabci mai dish ya yi ihun an ci, kai ƙwallo na tsakiyar fili. Shi ya sa nake shawartar masu son wasa su haɗa biyun. Tsanina na nan ɗaure a kan mota, sabon yaron da na ɗauka kuma sati na uku ke nan yana riƙon na'urar auna siginal, bai taɓa noti ba tukuna.