Tsohuwar Jitar Bes ta Japan da Hunturun Gusau

Jitocin bes (masu kaurin sauti) da masana'antar Matsumoku ta ƙera da sunan Aria Pro II kafin ta rufe a 1987, da masu sunan Greco daga masana'antar FujiGen, katakonsu nagari ne, amma hunturunmu ba ya raga musu. Iska na bushewa katakon wuyan jitar ya tsuke, bakin ƙarafan firet (ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan) ya fito yana yankar yatsa. A goge su da ƙaramin magagari, a shafa wa katakon ɗan mai.

Lanƙwasar wuya ta fi muhimmanci. Danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe, ka duba tsakiya: ratar da ke tsakanin tsirkiya da firet kada ta wuce milimita 0.3. In ta wuce, ɗaure sandar ƙarfen cikin wuya da rubu'in juyi kawai, ka bar ta ta kwana. Makullin ya zama na milimita. Na inci cinye kan notin sandar yake yi, kuma samun wani noti a kasuwar Gusau sai an sha wuya.

In da amfilifaya (na'urar ƙara sauti) ta Japan ta zo, volt 100 take ci. Wutarmu 230 ce, kai tsaye za ta ƙone, sai da taransifoma.