Godiya ga duk wanda ya sa hannu a gyaran katafilarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, tsohuwar katafilar nan da ta kwanta mana a bakin fadama wajen Auyo ta tashi, har ta koma yashe hanyar ruwan da kacalla ta toshe. A madadin manoman rani da muka haɗa kuɗin gyaran, muna miƙa godiya.

Godiya ta farko ga ranka ya daɗe Dagaci, da ya ba mu inuwar ƙofar gidansa muka baje kaya, da matasan da suka kafa itace uku aka rataya cen bulok, wato sarƙar ɗaga kaya masu nauyi. Sai da aka sauke kujera da tankin mai da marfin sama kafin kulocin sitiyari, wanda ke juya katafila hagu ko dama, ya fito, kuma ba nauyin da mutum biyu za su ɗaga da hannu ba ne.

Ciwon biyu ne. Kulocin hagu ya manne: ta yi damina a tsaye, ruwa ya taru a ɗakin kulocin, tsatsa ta haɗe farantan wuri guda. Shi ya sa ko an ja liba ba ta juyawa, in an taka birki sai inji ya yi nishi. Na dama kuwa santsi yake, domin sil ɗin da ke tare mai ya mutu, man giya ya jiƙa shi, sai ta riƙa karkata dama da zarar ta ɗauki ƙasa. Busasshen kuloci ne, ba ya shiri da mai ko kaɗan.

Babban oganmu na gareji, Allah ya saka maka da alheri, Baba. Kai ka hana yara zare makullan sifirin da guduma, ka sa aka matse su da ƙarfen da mai walda ya haɗa mana. Sifirin da ke matse in ya kuɓuce, ido yake nema. Ka sa aka ƙirga farantan, aka jera su a kan buhu yadda suka fito, na ƙarfe ɗaya, mai lainin ɗaya. Na ƙarfen an goge su da sanfefa, aka ɗora kowanne a kan gilashi. Wanda ya yi rawa ya lanƙwashe, aka ware shi. Masu lainin da suka sha mai ba mu yarda da wanki ba, don in suka ɗau zafi man sake fitowa yake. Sababbi aka sa, tare da sil da boris, kuma muna gode wa ɗan'uwanmu da ya yi sawu biyu zuwa kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano da tsofaffin a hannu, don kada a kawo wanda haƙoransa ba su dace ba.

Wurin da mutane ke faɗuwa shi ne haɗawa. Haƙoran gangar ciki, wadda ake jera farantan a kanta, sun yi gurbi-gurbi inda farantai suka ci, maƙerin garinmu ya bi su da magagari har suka yi sumul. In ba haka ba faranti zai maƙale, kuloci ya ƙi saki ko da sabo ne. An jera sifirin a kan tebur, gajerun da suka gaji aka canza. Sannan kafin a sake matsi, an zura gangar waje a kan farantan don haƙora su hau layi ɗaya. Wanda ya manta wannan, sai ya sake kwancewa. Giris kuwa ɗan kaɗan a boris kawai.

An bar wa kowace liba wasa kamar inci 3 a sama, aka daidaita birki, aka gwada ta hagu da dama a fili.

Iyayenmu mata da suka riƙa aiko da fura da tuwo, Allah ya biya ku. Direba kuma mun roƙe shi, duk ranar da ta shiga ruwa ya kwance toshiyar ƙasan ɗakin kuloci ya tsiyaye, in kuma za ta daɗe a tsaye ya riƙa tayar da ita yana jan libobin duk mako.