Yadda ake dacewa da sirdin keken zuwa aiki

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa a biranen Arewa sun koma hawa keke zuwa ofis da kasuwa da makaranta, har da waɗanda rabonsu da taka feda tun suna 'yan sakandare. Da yawa daga cikin kekunan da ake saya yanzu na hannu ne da ake shigowa da su daga Turai, irin waɗanda aka ƙera tsakanin keken tsere da keken hawan tudu, masu miƙaƙƙen kai da giya da sirarran tayoyi. Irinsu nake hawa zuwa wurin aiki, kuma ƙorafin da na fi ji daga bakin sababbin mahaya bai wuce na sirdi ba. Maganin da kusan kowa yake fara nema shi ne ya sayo sirdi mafi girma da laushi a kasuwa, ko kuma ya yanko soson katifa ya ɗaure a kan wanda yake da shi da robar tayar keke. A ganina wannan ne yake ƙara jagula lamarin.

Dalilin yana cikin halittar jikin mutum. Akwai ƙasusuwa biyu a ƙasan ƙugu waɗanda duk wanda ya zauna a kan bencin katako zai ji sun tokare, kuma su ne aka yi domin ɗaukar nauyin mai zama. Tsakaninsu da gaba kuwa nama ne mai taushi wanda jijiyoyi da hanyoyin jini suke bi ta cikinsa. Idan sirdi yana da ɗan tauri kuma faɗinsa ya yi daidai, ƙasusuwan nan biyu ne suke ɗaukar nauyi, matsematsi ya huta. Idan kuwa sirdin ya cika laushi, sai ƙasusuwan su nutse cikin soso, soson da ke tsakiya ya taso ya danne wurin da bai kamata a danne ba, shi ya sa sirdin da ya yi daɗi a minti biyar na gwaji a ƙofar shago yake zama azaba bayan rabin awa a kan hanya. Ga zafin garinmu kuma, soso mai kauri yana riƙe gumi, gumi da gugar wando su haɗu su saɓule fatar cinya.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan nan, domin ba ta bin ƙibar mutum ko ramarsa. Za a iya samun siriri mai buɗaɗɗen ƙugu, a samu mai jiki wanda nasa a matse yake. Awon ba ya buƙatar kuɗi. A samu kwalin taliya ko na sabulu mai kauri, a shimfiɗa shi a kan dakali ko matakala, a zauna a kai da wando marar kauri, a ɗan sunkuya gaba gwargwadon yadda ake yi a kan keke, a ɗaga duga-dugai domin nauyi ya sauka sosai. Idan aka tashi za a ga lotsawa biyu a jikin kwalin. A sa alama da biro a tsakiyar kowace, a auna tsakaninsu da rula. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 10 da 14, kuma a matsakaici na mata ya ɗan fi na maza faɗi. Wanda yake hawa a ɗan sunkuye ya ƙara kamar santimita 2 a kan awonsa, wanda yake zama a miƙe kuma ya ƙara 3 ko 4, abin da ya samu shi ne faɗin sirdin da zai nema.

Yanayin zama yana da tasiri saboda ƙashin ƙugu yana tsukewa ne ta gaba, don haka duk lokacin da mahayi ya sunkuya, nauyinsa yana komawa wurin da ya fi matsewa. Tsofaffin kekunan da iyayenmu suka hau, Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, an yi su ne domin zama a miƙe, kusan duk nauyin mutum yana kan sirdi, shi ya sa suke zuwa da faffaɗan sirdi mai sifirin biyu a baya, kuma ya dace da su ƙwarai a hanyar da ba kwalta. Amma idan aka ɗora irin wannan sirdin a kan keken da kansa, wato wurin da ake riƙewa, yake daidai da tsayin sirdi ko ƙasa da shi, gefunansa za su riƙa gugar cinya a kowane juyin feda, mahayi ya riƙa zamewa gaba yana zama a kan hancin sirdin ba tare da ya lura ba.

Masu hali sukan yi maganar sirdin fata na kamfanin Brooks, wanda aka kafa a birnin Birmingham a 1866. Samfurinsu B17, mai faɗin santimita 17 da rabi, yana dacewa da mai ɗan sunkuyawa, B67 kuma ya fi shi faɗi kuma yana da sifirin domin mai zama a miƙe. Fatar tana da tauri da farko, sannan a hankali ta lotsa daidai ƙasusuwan mai ita, kamar yadda takalmin fata yake bin ƙafar mai shi. Ina ganin ingancinsa, amma yana da tsada, ruwan damina yana lalata shi idan ba a rufe shi ba, kuma yawan shafa masa mai yana sa ya saki ya lotse a tsakiya. Ga wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita biyar ko goma a rana ba, sirdin roba mai ɗan siririn soso da tsaga ko kwari a tsakiya ya wadatar.

Sai dai kafin a fitar da kuɗi, ya kamata a duba saiti, domin sau da yawa laifin ba na sirdin ba ne. Mai gyaran keken unguwarmu, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ba ya sayar wa mutum sirdi sai ya sa shi ya hau keken ya dafa bango. Yakan ce, "Malam, ɗora dunduniyarka a kan feda, ka kai ta ƙasa." Idan ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi, domin idan aka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa yadda ake so. Mutanenmu da yawa suna sauke sirdi ƙasa sosai don su iya dafa ƙasa da ƙafa biyu a cikin cunkoso, wannan kuwa yana tara nauyi duka a mazaunai kuma yana gajiyar da gwiwa. Wanda ya ɗaga shi fiye da kima kuma zai riƙa rangaji hagu da dama, fata tana gugar sirdi. Daga nan sai dattijon ya ɗora guntun katako a kan sirdin ya ja da baya ya ƙyalla ido, ya kwance noti da sufana ya daidaita shi har ya kwanta sambal. Hancin da ya kalli sama yana danne gaba, wanda ya kalli ƙasa kuma yana tura mahayi ya jibge nauyinsa a kan tafin hannu da kafaɗu.

Dole kuma a bambance ciwo iri biyu. Tsamin da sabon mahayi yake ji daidai kan ƙasusuwan zama abu ne da yake raguwa cikin mako biyu ko uku idan ana hawa a kai a kai, kuma ba dalili ba ne na canza sirdi. Sagewa ko mutuwar jiki a gaba kuwa alama ce ta cewa ana danne jijiya, ba a jure mata da sunan jiki zai saba. A sauke hancin sirdi kaɗan ko a nemi mai tsaga, idan ta ƙi tafiya a ga likita.

Wanda zai zaɓa daga tarin sirada na hannu a kasuwa ya tafi da rularsa, ya kife kowanne ya duba ƙarafa biyun da ke ƙasa ko ɗaya ya lanƙwashe, domin karkataccen sirdi ba ya saituwa. Ya danna bayan sirdin da babban yatsa: idan yatsan ya taɓo robar ƙasa nan take, soson ya riga ya mutu. Ya kuma roƙi mai shago ya yarda a canza masa idan bayan kwana biyu na hawa bai dace da shi ba, wanda galibi ba a hana wanda aka saba ciniki da shi.