Gidan dutsen da kuskure ya tsirar

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya shiga unguwar Jojtawun da ke birnin Washinton na Amurka, don haka a tashar Foggy Bottom na sauka na kama tafiyar ƙafa. Sanyin Nuwamba ne, mai ratsa ƙashi. Na tsallake gadar rafin Rock Creek na faɗa titin M, kantunan tufafi da gidajen cin abinci a jere sai ƙyalli suke, har saura ƙiris in wuce abin da ya kawo ni. Ga shi a lamba 3051, guntun gida, ya lafe a gefen titi kamar tsohon da aka manta da shi a gidan biki.

Old Stone House suke ce masa. An gina shi a 1765, lokacin ko ƙasar Amurka babu, balle birnin Washinton. Jojtawun a wancan zamani tashar jiragen ruwa ce ta fataucin taba a Maryland, a hannun Ingila. Duk faɗin birnin yau babu ginin da ya girme shi a cikin waɗanda ke tsaye kan harsashinsu na asali.

Kafin in shiga sai da na dafa bangon. Duwatsun ba kansu ɗaya ba: wani ƙato, wani ɗan mitsitsi, wasu masu duhun shuɗi da aka faso kusa da kogin Potomac, wasu kuwa tsintar fili ce. Magini ya nema wa kowanne gurbin da ya dace da shi. A bakin taga ake gane kaurin, ƙafa 2 zuwa 3. Wanda ya taɓa kwana a soro ba sai an gaya masa amfanin bango mai kauri ba, sai dai su a nan sanyi suke karewa. Shi ya sa ma aka sauko da rufin ɗakin ƙasa, kada ɗumin murhu ya tashi sama ya salwanta. Ni da ba dogo ba, na riƙa ji kamar zan bugi gungumen da ke tallafe da benen, waɗanda da hannu aka sassaƙe su.

Kafinta ne ya fara ginin, Christopher Layman, wanda ya taso daga Pennsylvania tare da matarsa Rachel. Bai ci moriyar guminsa ba, a shekarar 1765 ɗin ya rasu. A 1767 wata mai hali, Cassandra Chew, ta saya, ta ƙara kicin a baya, daga bisani aka yi ta ƙari har hawa 3. Idan ka zagaya ta lambu za ka ga yadda abin ya tafi: dutse a ƙasa, bulo a can sama, kowane ƙari da hannun wanda ya yi shi. Chew tana da bayi, kuma su na fi tunawa da na tsaya gaban makeken murhun kicin ɗin.

Na tambayi wata ma'aikaciya yadda aka yi gidan kafinta ya tsira alhali tsararrakinsa duk sun tafi. Ta yi murmushi. Ashe an daɗe ana yaɗa cewa a nan Joj Washinton, shugaban Amurka na farko, da Pierre L'Enfant, wanda ya zana taswirar birnin Washinton, suka zauna a 1791 suna tsara sabon birnin. Ba a nan ba ne. A masaukin John Suter aka yi wannan zama, shi kuwa ɗansa, mai suna irin nasa, shagon agogo ya buɗe a gidan nan. Sunan ne ya rikita mutane, gidan ya samu alfarmar da ba tasa ba, aka riƙa jin nauyin taɓa shi. A ganina gara da ba a gane da wuri ba.

Ya sha hannu kam. Na ƙarshe dillalan tsofaffin motoci ne, kafin gwamnatin tarayya ta saye shi a 1953 kan dala 90,000, hukumar kula da gandaye da wuraren tarihi ta ƙasa ta gyara shi ta buɗe wa jama'a a 1960. Ba a biyan ko sisi a ƙofa.

Na fito na zauna kan benci a lambun, daidai inda a da ake jera motocin sayarwa, har sanyi ya tashe ni.