Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tiyon da Na Zura Cikin Sokawe

A makon jiya na tsaya ne a inda Maigidana ya fara barina in fita aiki ni kaɗai. Aikin farko da na yi ba tare da shi ba a wani gida ne a Mabera, na ɗaura esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai doki ɗaya da rabi a ɗakin uwargida. Shekara guda bayan haka, cikin azumin 2019 da ya faɗo a watan Mayu, aka sake kiranmu gidan.

Duk wanda ya yi Mayu a Sakkwato ya san abin da nake nufi. Zafi ya haura 40, iskar damina ta fara kawo laima amma ruwa bai sauka ba, ga ƙishirwar azumi. A irin wannan lokacin Hajiya ta kashe esinta kwana huɗu, ta koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida, saboda da an kunna shi ɗakin ba ya shiguwa don wari. Ɗanta ƙarami yana da asma, kuma ta lura tarinsa ya fi tashi idan ya kwana a ciki. Ta yi ta turaren wuta safe da yamma, abin sai gaba yake yi.

Muna shiga na kunna, na ce, "Maigida, ina jin gas ne ke yoyo."

Bai ko kalle ni ba. Ya matsa ƙarƙashin injin ya shaƙa, ya ja baya ya sake shaƙa. "Gas ba ya wanga wari," in ji shi. "Mi hancinka yag gaya maka? Wari biyu na nan."

Gaskiyarsa ne. Gas ɗin da muke ɗurawa, R22 ko R410A, kusan ba shi da wari. Idan yana zuba, sanyi ne ke raguwa, ka ga maiƙo a bakin noti ko ƙanƙara ta kama bututu. Har yau ina jin takaici idan na ji an ce wa mai gida "sai an sa gas" alhali wari kawai ya kawo ƙara.

Na buɗe murfi na zaro filta. Ƙurar hunturu tun daga Nuwamba tana nan, ta yi kauri kamar bargo, ba a taɓa wankewa ba. Bayanta ƙarfen sanyi ya yi baƙi. Shi wannan ƙarfen kullum a jiƙe yake, domin laimar ɗaki a kansa take zama ruwa, ta ɗiga cikin ɗan kwano, ta bi tiyo ta fita. Ƙura ta haɗu da ruwa ta zama laka, fumfuna ta tsiro a kai, fankar ciki kuma tana hura ta ɗaki. Wannan shi ne bashin da ake ji kamar na tufafin da aka ninke ba su bushe ba. Turaren wutan da Hajiya ta dogara da shi ma ya ƙara wa abin nauyi, don hayaƙinsa yana da maiƙo, yana liƙewa a ƙarfen ya riƙe ƙura kamar danƙo.

Wari na biyu ɗoyi ne, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na yi fatan mu tarar da mushen tsaka ko ɓera a bayan allon wuta, domin muna yawan samun haka. Babu. Maigida ya fita waje yana bin tiyo da hannu, ni kuma gabana ya fara faɗuwa, don na san inda zai kai shi.

Ranar da na ɗaura injin, Hajiya ta ce ba ta son ruwa yana ɗiga mata a tsakar gida. Sai na huda bututun banɗaki mai gangarawa sokawe na zura tiyon a ciki, na liƙe da siminti. Ban san cewa fanka tana zuƙo iska ta cikin tiyon nan ba. Shekara guda ke nan iskar masai tana hawowa ɗakin da yaro mai asma yake kwana, kuma da hannuna na buɗe mata hanya.

Alhaji ya fito ya tambaya, "Malam, wa yay yi wanga aiki?"

Maigida ya ce, "Aikinmu na, Alhaji. Mu za mu gyara, kuma ba ka biyan ko kwabo."

Muka fasa simintin, muka toshe hudar, muka juya tiyon zuwa gindin wata bishiyar dogonyaro, bakinsa a sake. Inda dole sai an haɗa da magudana, ana yi masa lanƙwasa ne yadda ruwa zai tsaya a ciki ya tare iska. Muka lulluɓe allon wuta da leda, muka wanke ƙarfen sanyi da fanka da kwano, baƙin ruwa ya cika bokiti biyu. Maigida ya nuna wa Hajiya yadda za ta zare filta duk mako biyu ta wanke, ta shanya a inuwa, da maɓallin da zai bar fanka kaɗai ta yi kamar minti 20 kafin a kashe, don ciki ya bushe. Ya ce ta riƙa kashe esi idan za ta yi turare. Sannan ya ja mata kunne a kan ƙauri: duk ranar da ta ji warin roba ko waya na ƙuna, ta kashe wuta daga bango nan take, kada ta sake kunnawa sai an duba.

Kafin mu fito na leƙa ɗakin. Yaron yana kwance, ƙirjinsa na ɗagawa a hankali. Ban iya haɗa ido da mahaifiyarsa ba.

A kan babur, daidai shataletalen Dandima, Maigida ya waiwayo. "Gida nawa kay yi ma hakanan?"

Na ce biyu, ɗaya a Arkilla, ɗaya a Runjin Sambo.

Bayan an sha ruwa na ɗauki guduma da sabon tiyo na nufi Arkilla. Abin da na tarar a can shi zan kawo muku mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.