Hanyar kuskure ita ce ta fi kayar da ni a cikin kanel

Ƙannena masu sha'awar shiga cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke kula da ƙwaƙwalwa da na'urori, bari in ba ku labarin yadda wani ɗan tsarin fayil da na rubuta don koyo ya wahalar da ni. Ɓangaren karantawa da rubutawa bai ba ni ciwon kai ba. Layukan da ke aiki idan abu ya lalace, waɗanda na rubuta a gurguje da tsakar dare, su suka tona mini asiri.

A harshen C babu mai share maka gida. Ka ari ƙwaƙwalwa da kzalloc, kai za ka mayar da kfree. Ka ɗauko wani yanki na faifai da sb_bread, sai ka sake shi da brelse. A manhajar yau da kullum, ko ka manta, da zarar an rufe ta kanel zai kwashe kayansa. A cikin kanel kuwa babu wani a samanka; abin da ka manta yana nan har sai an kashe kwamfuta.

Kuskurena na farko yana cikin aikin da ke gudana lokacin ɗora faifai, wato fill_super. Na ari wuri don bayanan tsarina, na karanto yankin farko na faifai, na duba lambar shaida. Idan ba ta dace ba, sai kawai in mayar da lambar kuskure -EINVAL in fice. A zatona put_super, aikin da ke share gida lokacin sauke faifai, zai zo ya kwashe sauran. Ashe generic_shutdown_super, aikin kanel mai rufe tsarin fayil, ba ya kiran put_super sai idan an riga an sa s_root, wato manunin babban kundin faifan. Ni kuma na fita tun kafin a kai nan. Na bar madauki yana ta gwada ɗora faifai mara kyau a cikin QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta, da safe na duba /proc/meminfo na ga SUnreclaim, adadin ƙwaƙwalwar da kanel ya riƙe ba ya iya ƙwatowa, ya hau, bai kuma sauko ba. Da na kunna kmemleak, mai gano yoyo, wato ƙwaƙwalwar da aka ara ba a mayar ba, na tura masa kalmar scan a /sys/kernel/debug/kmemleak, sai ga sunan aikina ya fito sahu-sahu, babu inda zan ɓuya.

Daga nan tsoro ya kama ni, na shiga sakin komai a ko'ina. Garin neman gira sai na rasa ido. Na ƙara iput bayan d_make_root, aikin da ke kafa tushen faifan, ya gaza, don in mayar da inod ɗin tushe, wato katin shaidar babban kundin faifan. Ban karanta cikin d_make_root ba, alhali layuka kaɗan ne a fs/dcache.c: idan ya gaza, shi da kansa yake kiran iput. Na saki abu ɗaya sau biyu ke nan. Wannan ya fi yoyo muni nesa ba kusa ba. Yoyo yana cin ƙwaƙwalwa a hankali, amma sakin abu sau biyu yana taɓa wurin da wataƙila an riga an ba wani, kanel ya faɗi can wani ɓangaren da ba ruwansa da kai. KASAN, mai kama taɓa ƙwaƙwalwa ba bisa ƙa'ida ba, wanda ya shigo Linux a 2015, shi ya nuna mini inda aka ari wurin, inda aka sake shi, da inda na sake taɓa shi.

Tun daga ranar, kafin in miƙa wa wani aiki abin da ke hannuna, sai na buɗe shi na ga waye ke da alhakin abin idan aka gaza. Kada ku yarda da sunan aiki, ku karanta cikinsa.

Akwai kuma girman kan da na kawo daga makaranta. An koya mana cewa goto, umarnin tsallakawa zuwa wata alama a cikin aiki, abin kunya ne, ana kafa hujja da wasiƙar masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ta 1968. Saboda haka na riƙa maimaita kfree da brelse a gaban kowane return, wuri biyar ko shida, duk wanda na ƙara sabon aro sai na manta ɗaya. Ƙa'idar rubutun kanel kuwa, a sashe na 7, goto ɗin ta ba da shawara: a tara fita a ƙasan aiki, a mayar da kaya bi da bi, na ƙarshen aro shi ne na farkon mayarwa. Ta kuma ce a ba kowace alama suna mai faɗin aikinta, kamar out_free_buffer, a guji err1 da err2. Na ga amfanin haka ranar da na cusa sabon aro a tsakiya. Da lambobi ne, da sai na sake jera su duka.

Wani ƙaramin tarko: kfree yana karɓar NULL lafiya lau, amma ba ya karɓar abin da ERR_PTR ya mayar. Wasu ayyukan suna mayar da NULL idan sun gaza, wasu suna ɓoye lambar kuskure a cikin manuni, wato abin da ERR_PTR ke yi, sai an duba da IS_ERR. Na taɓa gwada NULL a inda ya kamata in yi IS_ERR, na wuce da lambar kuskure -ENOMEM a hannuna kamar adireshin gaske.

Dalilin da duk waɗannan suka daɗe a ɓoye shi ne, a kwamfutata kzalloc bai taɓa gazawa ba, don haka layukan ba su taɓa gudana ba. Yanzu da gangan nake karya abin. Ina kunna failslab don a riƙa hana ni aro, ina ɓata wasu baitoci a hoton faifai in ɗora shi, irin abin da syzbot, manhajar Google mai gwajin kanel, ke yi wa tsarukan fayil na ext4 da btrfs ba dare ba rana. A gwajin farko da failslab, fill_super ɗina ya faɗi a aro na uku, a kan alamar da na rantse na duba ta sau biyu.